Garwashin Ma'u

Litinin, 8 ga Maris, 1954, bayan la'asar

Yau da hantsi tabarmar Fatu ta ƙone a bayan ɗakin kwanan yara. Ba wanda ya ji ciwo. Ni na fara jin ƙauri, na zagaya na tarar wuta ta ci fiye da rabi, na sheƙa mata ruwan buta na tattake sauran da takalmi.

Littafin nan Sista, shugabar masu jinya, ce ta ba ni ranar da na gama koyon aikin jinya a Kano, ta ce in riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana. Shekara biyu yana kwance a ƙasan akwati. Yau na ɗauko shi, don idan Malam Falalu ya zo da tambayoyinsa in sami abin nuna masa. Shi ne ofis ta ɗora wa duba gidan nan, kuma mutum ne da in ka ce masa an yi ruwa sai ya tambaye ka ƙarfe nawa.

An buɗe gidan bara, bayan agana ta ratsa ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura ta bar yara ba uwa ba uba. 'Yan mata goma sha ɗaya ne a hannuna. Ni Hafsatu ce uwarsu, sai Iya Kaltume mai girki. Wata tara ke nan ban binne ko ɗaya ba, kowace an yi mata lamba, kuma duk wanda ya samo kwarkwata a kan ɗayansu ya zo in ba shi tukuici. Ba yabon kai ba ne, haka abin yake.

Fatu ce autar gidan, shekararta shida. Tun jiya take zazzaɓi, shi ya sa na kwantar da ita a rumfa aka shanya tabarmarta a rana. Na san yadda aka yi: Iya ta kwaso toka da sauran rai a ciki ta zubar kusa. Na faɗa mata, ta ce, “Malama, ni da nake hura wuta tun ba a haifi uwarki ba?” Na ce to, Iya, wutar ma ta san da haka, shi ya sa ta raina ki. Ta yi fushi ta ƙi ci mini tuwo a gaba.

Talata, 9 ga Maris, da hantsi

Jikin Fatu da sauƙi, har ta sha kunu kofi biyu. Ma'u ce ta ba ta a baki, ta goya ta tana zagaya tsakar gida da ita.

Ma'u, wato Asma'u, shekararta goma sha uku. Kawunta Halliru ne ya kawo ta a kan jaki daga wani ƙauye bayan Gwiwa, wata huɗu da suka wuce, bayan ciwon ya ɗauke uwarta da ƙanenta. Da duk yaran kamarta suke da na huta. Ba a sa ta aiki sau biyu. Sai dai ba ta dariya, ba ta shiga gaɗa da sauran, kuma ta fi kowa wanke hannu, har da ni.

Ranar da aka kawo ta mun ɗan yi ja-in-ja da ita a bakin zaure. Na yi abin da doka ta ce. Wannan ya wuce.

Asabar, 13 ga Maris, bayan azahar

An sake. Wannan karon zanen Dela, ɗaya daga cikin yaran, da matashinta, a jikin zanan da ya raba mu da gidan Maikasuwa. Zanan ya kama, wuta ta tashi sama da tsayin mutum. Da matan maƙwabta ba su fito da tuluna ba da yanzu wani zancen ake yi.

Dela tana ɗakina a lokacin ina sa mata magani a ido, kwana biyu ke nan idon yana ruwa. Saboda haka ba ita ba ce.

Iya ta ce mutanen ɓoye ne na tsamiyar bayan gida, wai tun da aka sare mata reshe don a kafa rumfa ba su huce ba. Na ce Iya, aljanin da ya bar jinka busasshiya ya je ya zaɓi matashin Dela mai warin man kaɗe, ai ya cancanci a tausaya masa. Ban ƙara cewa tokarta ce ba dai, don yau da kaina na tsaya aka zubar da ita a rami.

Na kafa doka. Ashana tana akwatina, mabuɗi a wuyana. Da an sauke tukunya a yayyafa wa murhu ruwa har sai na sa hannu na ji sanyi. Fitila ni kaɗai ke kunnawa. Gidan da ba wuta a cikinsa ina so in ga abin da zai ƙone.

Lahadi, 14 ga Maris, da yamma

Shiru. Na taɓa murhu sau huɗu.

Litinin, 15 ga Maris, bayan azahar

Malam Falalu ya zo a kekensa, ya jingine shi a zaure, ya je ya tsaya a gaban ƙonannen zana ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Malama Hafsatu, sau ɗaya tsautsayi ne. Sau biyu a mako guda, akwai hannu.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, yarana na san su ɗaya bayan ɗaya.”

Ya ce bai musa ba. Amma unguwar nan duk jinka ce, ga zafin bazara, komai ya bushe. In aka yi na uku dole ya kai magana gaban Di'o, Baturen mulki, kuma ƙa'ida a fili take: yaron da aka samu yana cinna wuta ba a barinsa cikin yara, Kano ake kai shi, gidan masu taɓin hankali.

Na san gidan. Lokacin da nake koyon aiki an taɓa aikena can da magani. Na ga wata mace a zaune a ƙasa da mari a ƙafa, tana tsefe kanta tana kitsewa, tana tsefewa tana kitsewa. Mai gadi ya ce shekararta bakwai a nan, kuma tun da aka kawo ta ba wanda ya zo tambayarta.

Na ce wa Malam ba za a yi na uku ba. Na faɗa da ƙarfi har ya ɗago kai ya dube ni. Ba 'yar da za a fitar mini daga gidan nan zuwa wancan wuri, na rubuta na kuma sa hannu.

Laraba, 17 ga Maris, bayan la'asar

Kai, Hafsatu! Duk karatunki.

Na shiga gidan Maikasuwa in yi wa uwargidansa Rahamatu godiyar ruwan da suka kawo ranar Asabar. Muna cikin hira ta ce, “Wallahi Malama kin iya tarbiyya. Yarinyar nan taki doguwa, mai shiru-shiru, in ta zo ɗiban wuta har ƙasa take durƙusawa.”

Na ce wace wuta?

Ta ce, “Ah, ba ke kike aiko ta ba? Ranar Litinin waccan ta zo, ranar Asabar ma ta zo, da ɗan tsingaronta. Na ce ko ashanarku ce ta ƙare.”

Na yi dariya na ce ƙwarai, na manta. Na yi mata sallama na dawo gida.

Na kulle ashana, na jiƙa murhu, na rataya mabuɗi a wuya ina tafiya ina jin kaina. Na manta a Kazaure nake. A garin nan wace mace ce yarinya za ta yi mata sallama ta ce a sam mata wuta ta hana? Ko gidan da ba ku ga-maciji za su zuba miki garwashi, ba mai tambayar me za ki dafa. Ni kaina da haka na girma, ina gudu da tsingaro daga gidan gwaggo ina kare shi da tafin hannu kada iska ta kashe.

Na sami tsingaron a bayan randa, gutsuren fasasshiyar tukunya, cikinsa baƙi ƙirin. Na mayar da shi inda yake. Ban gaya wa Iya ba.

Alhamis, 18 ga Maris, da hantsi

Na dawo da shimfiɗar Ma'u ɗakina. Na ce wa sauran ina son mai taya ni shara.

Da suka tafi karatu na zaunar da ita na ce ta miƙo hannu. Yatsa biyu na dama sun yi bororo, ɗaya ya fashe. Na wanke na shafa magani na ɗaure, ba ta ko motsa ba. Sannan na ɗauko tsingaron na ajiye a tsakaninmu.

Na ce, “Ma'u, ba zan dake ki ba. Me Fatu ta yi miki?”

Ta dube ni kamar na yi mata yaren da ba ta ji. Ta ce, “Ba ta yi mini komai ba, Malama.”

“To Dela fa?”

Na jira. Na iya jira, a asibiti na koya. Can ta ce, a hankali, kanta a ƙasa, “Ai Fatu ta warke.”

Na ce na'am?

“Washegari ta sha kunu. Dela ma idonta ya buɗe.”

Sai a nan na gane. Ba ƙiyayya ba ce, ba kuma wasa ba. Duk wadda ta kwanta ciwo a gidan nan, Ma'u sai ta ƙone abin da ta kwanta a kai, don ta tashi. Magani take yi musu.

Na ce mata wannan ba daidai ba ne, zazzaɓi da ciwon ido ba ruwansu da tabarma. Na yi bayani dalla-dalla yadda Sista ke yi mana. Ta saurara da ladabi, ta ce to. Irin “to” ɗin da yaro ke ce wa babba don a rabu lafiya.

Na san inda ta samo wannan tunani. Ba yau zan rubuta shi ba.

Asabar, 20 ga Maris, bayan azahar

Na aika wa Kawu Halliru saƙo ta hannun masu jakuna da ke zuwa kasuwar Gwiwa, na ce ya zo. Na kuma shiga gidaje biyar na unguwar na roƙi kada a ƙara ba 'yata ko ɗaya wuta, wai ina koya musu tattali. Kowa ya ce to, ana yi mini kallon marowaciyar da ke hana marayu ɗumama tuwo. Su yi ta kallo.

Dole na gaya wa Iya. Ta tafa hannu ta yi salati, sannan ta ce a karɓo wa yarinyar rubutu wajen liman. Na ce a karɓo. Ta sha, ta yi godiya.

Yanzu da idona ya buɗe ina ganin abin da wata huɗu ban gani ba. Kowace safiya kafin a tashi sallah Ma'u na bin yaran ɗaya bayan ɗaya tana ɗora musu bayan hannu a goshi. Idan wata ta yi atishawa sai ta ajiye abin da ke hannunta. Abincinta rabi take ci ta tura wa Fatu. Ni kuwa ina ta yabonta wai ta fi kowa hankali.

Zan shawo kan abin nan. Na ga waɗanda suka fi wannan.

Talata, 23 ga Maris, da safe

Iya ta kwana da tari. Na ce mata don Allah in zai zo ta ruga zaure ta yi shi a can. Ta ce, “Yau ni Kaltume, tari ma sai na nemi izini?” Amma tana yi, tana toshe baki da gefen mayafi tana sauri kamar mai tsoron kaza.

Laraba, 24 ga Maris, bayan la'asar

Ɗakin Iya ya tafi.

Da azahar ne, ina wajen rijiya ina duba wankin yara. Ma'u ta je ta ce wa Iya ana sallama da ita a ƙofar gida. Iya ta fita ba ta ga kowa ba, ta juyo ta ga hayaƙi. Katifar rimi ce da bargo Ma'u ta jawo bakin ƙofa ta cinna, iska ta ɗauki wutar ta kai jinka. Kafin a tara ruwa rufin ya rufta. Tasoshin Iya na aure, da carbin mijinta, da zannuwanta, duk sun tafi.

Garwashin daga wajen mai tuyar ƙosai ta bakin hanya ta samo. Gida biyar na bi, garin kuwa gida nawa ne?

Ma'u ba ta gudu ba. Tana tsaye tana jan katifar da hannu don ta raba ta da ɗakin, har gashin hannunta ya babbake, fatar ta tashi daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Da na fizgo ta abin da ta fara tambaya shi ne, “Iya ta fita?”

Iya ta zauna a kan turmi tana kuka ba sauti. Na zaci za ta tsine. Da ta buɗe baki sai ta ce, “Ki duba hannun yarinyar nan tukuna.”

Alhamis, 25 ga Maris, da hantsi

Malam Falalu ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa motar ofis za ta Kano. Ya ba ni takarda mai layi uku: sunan yaro, shekaru, abin da ya aikata. Ya ce in cike kafin ranar.

Na ce ya ba ni mako gudan, kada ya tambaye ni suna yau.

Ya ce, “Malama, ba sai na tambaya ba. Mai ƙosai ta riga ta gaya wa duk kasuwa.” Sannan ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata, amma gidan Maikasuwa akwai jariri, in wuta ta tsallaka da rana tsaka wa zai amsa?

Ba ƙarya ya faɗa ba. Na sa takardar a cikin littafin nan.

Juma'a, 26 ga Maris, da yamma

Mun yini kwasar toka da jiƙa ƙasa. Rana ta dake ni sosai. Takardar tana nan ba komai a kanta.

Asabar, 27 ga Maris, bayan azahar

Kawu Halliru ya iso da hantsi, ƙafafunsa fari fat. Na ba shi fura a zaure. Na tambaye shi ko zai koma da ita.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranki ya daɗe, da ina da ɗakin ƙasa da na ɗauke ta yau. Gidana kara ne tun daga danga har rumbu. Labari kuma ya riga ni isa ƙauye.”

Na ce to ya ba ni labarin abin da ya faru, duka, ba irin na ranar da ya kawo ta ba.

Ya ce da uwarta ta rasu, duba-gari ya zo ya ce a ƙone ɗakin da duk abin da ke ciki, aka ƙone. Ashe Ma'u ta zare zane guda na uwar ta ɗaura a ƙarƙashin nata, ba wanda ya sani. Ƙanenta Daudu, mai shekara huɗu, ya yi ta kukan uwa, sai ta riƙa lulluɓa masa zanen don ya ji ƙanshinta ya yi barci. Kwana uku da ƙone ɗakin zazzaɓi ya kama shi, ƙuraje suka feso. Bai kai mako biyu ba.

Na ce, “Kawu, kwana uku ka ce?” Ya ce uku, don ranar sadakar uku ce jikin yaron ya yi zafi, ba zai manta ba.

Da zai tashi ya ce, “Malama, ki gafarce ni. Ranar da na kawo ta ina wajen ɗaure jaki, na ji kukanta amma ban ji me aka ce ba. A hanya tana magana, har waƙa ta yi wa jakin. Me ya faru a bakin zauren nan?”

Na ce masa doka ce, duk wanda ya fito daga gidan agana ana karɓe kayansa. Ya ce haka ne, ya yi mini sallama.

Lahadi, 28 ga Maris, da safe

Kaina kamar ana sara. Sanyi nake ji cikin wannan zafi.

Litinin, 29 ga Maris, bayan la'asar

Ba ni da lafiya amma sai na rubuta wannan yau.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, na sauro, na san shi, na sha kwinin. Da rana ta take, yara suna rumfa wajen Iya, na ji an tsaya a bakin ƙofa. Ma'u ce, hannu ɗaya a naɗe da bandeji, ɗayan riƙe da sabon tsingaro. Garwashi uku a ciki, jajaye.

Ta ce, “Malama, ki tashi ki koma rumfa. Yanzu zan gama.”

Ba ta ɓoye ba, ba ta yi mini ƙaryar ana sallama ba. Ina jin ta ɗauka ni ba sai an yi mini wayo ba, tunda ni na koya mata.

To ga shi, bari in rubuta. Ranar da aka kawo ta na tuɓe ta don wanka na ga zanen a ƙugunta. Na tambaya, ta ce na Innarta ne. Na ja, ta riƙe. Na ja, ta sa haƙori. Ga yara suna kallo, ga aiki ya yi mini yawa, raina ya ɓaci. Na ce, “Sake shi! Wannan zanen shi ke kashe mutane. Wuta ce kaɗai maganinsa.” Nan take ta saki. Har na ji daɗi a raina na ce na iya da yara. Na jefa shi a murhu a gabanta. Ban san da wani Daudu da aka lulluɓa ba. Ban tambaya ba.

Na ce, “Ma'u, shigo ki zauna. Taho da wutar.”

Ta zauna a bakin gado, tsingaron a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Na ce ta ɗebo mini tsakuwa a bakin ƙofa. Na jera goma sha biyu a kan tabarma.

Na ce, “Kin yarda na san aikin agana?” Na nuna mata zanzanar da ke fuskata. Ta gyaɗa kai.

“Ciwon nan in ya shiga jikin mutum sai ya kwana kamar goma sha biyu a ɓoye kafin a ga komai. Ba ya fitowa a kwana uku. Ko a Kano, ko a Makka. Yaushe kika fara lulluɓa wa Daudu zanen?”

Da ta ji sunan ta ɗago kai ta dube ni. Ta ce, “Ranar da aka ƙone ɗaki.”

Na ware tsakuwa uku gefe. Na ce, “Ga ranar da aka ƙone ɗaki, ga ranar da jikinsa ya yi zafi. Ƙirga sauran.” Ta ƙirga da yatsa, tara. Na ce, “Waɗannan taran, ina Daudu yake kwana?”

Ta ce, “A bayan Inna.”

“Tana da rai?”

“Tana da rai.”

“To tun a nan ya ɗauka, tun zanen yana jikin mai shi. Da kin bar shi ya ƙone da ɗakin, da Daudu ya kwanta ranar da ya kwanta. Abin da kika yi kawai, kin sa ya yi barci.”

Ta ce, “Amma ke kika ce.”

Na ce, “Ni na ce. Ƙone shi doka ce, kuma ko yau aka kawo irinsa zan ƙone. Amma maganar da na faɗa miki, na faɗa ne don ki saki in huta. Ban san abin da kike ɗauke da shi ba, kuma ban tambaye ki ba. Laifina ne, Ma'u, ba naki ba.”

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, har Iya ta rugo da muciya a hannu. Na yi mata alama ta koma.

Da ta lafa ta dubi garwashin, ta dubi tabarmata. Na ga har yanzu hannunta yana so. Na ce, “Ga abin da za mu yi. Ba za a ƙone komai nawa ba. Ki zauna nan ki yi jinyata. In na mutu, na yafe miki ɗakin da akwatin da littafin nan, ki cinna musu.” Ta ce, “Malama, daina faɗa.” Muka zauna muna kallon garwashin har ya yi fari ya mutu. Sau biyu ta miƙa hannu ta janye.

Talata, 30 ga Maris, da yamma

Zazzaɓi ya dawo da ƙarfi. Ta taɓa goshina ya fi sau ashirin. Ta fita tsakar gida ta dawo, ta fita ta dawo. Ba ta ƙetare zaure ba, Iya na lura.

Laraba, 31 ga Maris, da hantsi

Na tashi da gumi, kaina wasai. Na ci ɗumame, na ce a ƙaro. Ma'u ta ɗaga gefen tabarmata ta duba, ta shafa, kamar mai neman inda aka ɓoye dabarar.

Alhamis, 1 ga Afrilu, bayan azahar

Motar ta tsaya a bakin hanya da hantsi. Malam Falalu ya shigo ya miƙo hannu, na ba shi takardar. A layin suna na rubuta Hafsatu. A layin shekaru, ashirin da tara. Layi na uku bai ishe ni ba, na juya baya na cika, na ƙara da wata.

Ya karanta a tsaye, ya koma farko ya sake. Ya ce, “Kin san wannan zai iya cin aikinki?”

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

“Kuma ba ki da tabbacin ba za ta sake ba.”

Na ce ba ni da shi. Abin da nake da shi, na kwana uku a kwance tana da hanyar wuta ba ta cinna ba. A ba ni wata guda. Tana ɗakina, ɗakina na ƙasa ne, kuma in an ga hayaƙi inda bai kamata ba a zo a ɗauke mu tare.

Iya ta sa baki daga bakin madafi ba wanda ya tambaye ta. Ta ce, “Malam, ɗakina ne ya ƙone ba na Di'o ba, ni kuwa na yafe.”

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce shi ba ya yanke hukunci, zai kai yadda na rubuta, abin da aka ce zai zo ya faɗa mini. Ya fita. Na tsaya a zaure har na ji motar ta tashi, sannan na zauna a dakali.

Talata, 6 ga Afrilu, da hantsi

Ba amsa daga ofis tukuna. Na mayar da ashana madafi. Ma'u ke hura wutar safe yanzu, Iya na zaune kusa tana yi mata faɗan ta cika itace.

Jiya Fatu ta tashi da mura. Ina kallo Ma'u ta taɓa goshinta, ta tsaya cik. Ta zo ta same ni ta ce, “Malama, abin yana ce mini in yi.” Na ce na ji, zauna nan kusa da ni har ya gaji. Muka zauna muna tsince wake. Da ta ga dama ta tashi ta ɗauki tabarmar Fatu ta kai bakin rijiya ta wanke da sabulu, ta shanya. Ba a wanke tabarma don mura, amma ban ce komai ba.

Yau ina canza mata bandeji ta ce, ba ta dube ni ba, “Malama, zanen nan. Na fara manta yadda yake. Ina rufe ido sai in ga wutar kawai.”

Ni ban manta ba. A hannuna yake lokacin da na kai shi murhu.

Na ce, “Saƙi ne, ya sha wanki har ya yi laushi. Akwai jan ratsi biyu a baki ɗaya. A tsakiya an yi masa faci da farin zare, ɗinkin manya-manya, ba na gwani ba.”

Ta ce, “Ni na yi facin.”

Sai ta ce in sake faɗa daga farko. Na faɗa. Ta ce in ƙara.